Gaba da Bayan Zanen Palupi

Solo, tsibirin Jawa, Nuwamba 1993
Zuwa ga matata Murtini, a Singafo

Bune,

Assalamu alaikum. Ina sanar da ke, da duk wanda abin ya shafa, cewa ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, babban yatsan hannuna na hagu ya ƙone. Ba a rufe makarantu ba, gidan rediyo ma bai faɗa ba, amma na ga bai kamata ki ji a bakin wani ba. In ban da wannan, lafiyata ƙalau. 'Yarmu Palupi ma lafiya, tana zuwa aikinta a kantin magani. Ina fata kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya, Nyonya Lim, da gwiwoyinta.

Ga yadda aka yi. Dangin ango sun zo, an sa bikin Palupi bayan Babbar Salla, kamar yadda kika so. Suna fita sai ga yayarki Yu Karsih. Ta zauna a kujerata, ta shanye shayina, sannan ta ɗauko maganar zane. Kin fi ni sanin dokar gidanku: uwar amarya ce ke zana truntum da hannunta, zanen nan mai 'yan furanni kamar taurari, ta ɗaura ranar biki, daga baya ta ba 'yarta ta ajiye don goyon ɗan fari.

"To ga shi uwar amarya tana can tana juya tsohuwar wasu a kan gado," in ji ta. "Ba za ta sauka ba sai ana kafa rumfa. Ni zan zana. Ai da yarinyar ta kwanta zazzaɓi ni ce a kanta. In an tambaya a wurin biki, sai a faɗi gaskiya."

Na ce, "Wace gaskiya, Yu?"

"A san wadda ta riƙe, a san wadda ta aiko da saƙo."

Sai kawai na ji bakina yana cewa ni zan zana a madadinki, tunda hannun miji na matarsa ne. Ta yi dariya har ta ƙware. "Kai, Dik Kus, mijin ƙanwata? Kai da ko zare ba ka iya sa wa allura ba?" Na ce tsofaffin sarakunanmu na Mataram ma ba su iya ba, kuma sun yi mulki lafiya. Na juya na tambayi Palupi ra'ayinta. Ta ce, "Duk ɗaya ne, Pak," ta shige ɗaki.

Washegari na sayo farin yadi, da ɗan kasko, da canting, wato cokalin zane da kaki, mai babban baki da mai ƙarami. Kaki kam ban saya ba, don durowarmu cike take da kyandir. Na kuma aro littafin wani Baturen Holan a laburare, kaurinsa kamar bulo. Bayaninsa babu wuya: ka narkar da kaki, ka ɗebo a ɗan cokalin jan ƙarfen nan, ka bar shi ya bi ta bututu, ka zana fure, duk inda kaki ya hau rini ba zai kama ba. Ina zargin mutumin bai taɓa riƙe canting ba, don bai faɗi inda kakin ke nufa idan mai zane ya karkata hannu zai duba littafi ba. Babban yatsa yake nufa.

Ki kwantar da hankalinki. Na daɗe ina koyar da tarihi, na san ƙasashen da aka kafa da shirin da bai kai nawa ba.

Mijinki,
Kusnadi

*

Singafo, Disamba 1993

Pakne,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso. Ina lafiya, sai ɗan ciwon baya na ɗaga tsohuwa. Gwiwoyinta suna nan jiya i yau, bakinta kuwa ya fi na kowa lafiya a benen nan. Allah ya ba yatsa sauƙi. Ka shafa masa man goge baki?

A tsaye na karanta a kicin, na yi ta dariya, daga baya na zauna a kan bokiti na yi kuka. Yu Karsih haka take tun muna yara. Abin haushin ma, ita ta iya zane, ni kuwa ka san ban iya ba. Marigayiya mahaifiyarmu ta sha buge mini hannu da mafici, tana cewa furannina kamar kaza ta bi ta kan yadi. To amma ko sawun kaza ne, na so a ce nawa ne. Ba na son a tsaya a gaban dangin ango ana nuna ni da baki, ana cewa ga wadda ta zo cin biki a auren 'yarta.

Tunda ka riga ka buɗe baki, ga abin da na tuna. Ka mayar da kyandir cikin durowa. Ka riƙa hura bakin canting kafin ka ɗora. Ka shimfiɗa tsumma a cinya, kuma don Allah kada ka zauna da wandon makaranta. Ka je barandar tsohuwar nan Mbah Jumilah a bayan masallaci, inda mata ke zane, ka nemi wuri ka zauna, ka yi shiru. Na san na ƙarshen nan zai fi ba ka wuya.

Ka ce Palupi ta ce duk ɗaya ne. Da ta faɗa, ina take kallo? Kai, ko ƙasa?

Hannunka ba nawa ba ne, Pakne, kada ka ruɗi kanka. Amma ya fi na Karsih kusa da ni. Ka ci gaba.

Matarka,
Murtini

*

Solo, Fabrairu 1994

Bune,

Gaisuwa mai yawa. Ki yafe mini jinkiri, yatsun da ke riƙe alƙalami su ne a bakin daga. Daidai gwargwado muna lafiya. Ruwa ake ta yi, rufin kicin yana yoyo a wurin da ya saba.

Game da kyandir, sai da na ba shi damar kare kansa. Na zana a ƙyalle, na tsoma a rini, kakin ya tsattsage, rinin ya bi tsagun ya fito kamar taswirar kogunan tsibirin Kalimantan. Na kore shi daga aiki. Amma ban ga dalilin sayen kakin kasuwa ba alhali ina da ilimi, sai na haɗa nawa: kakin zuma, da ƙaro, da kitsen saniya don laushi. Da alama na saki hannu a kitsen. Kafin gari ya waye tururuwa sun kafa hanya daga ƙofar gida zuwa kan yadi, masu shiga daban masu fita daban, tsarin da hukumar garin nan ta kasa yi wa motoci. Kyanwar mai unguwa kuma ta lashe mini kusurwa guda. Yanzu da kakin kasuwa nake aiki, don tausayin dabbobi.

Na gwada rini ma. Shayi yana ba da kalar tsumman goge tebur. Kurkum yana da kyau ranar farko, a wanki na biyu ya gudu. Rinin baba kuwa ya kama sosai, sai dai hannuna ya kama, har wuyan hannu. Shugaban makaranta ya ja ni gefe ya tambaya ko ciwon na gado ne. A wurin alwala mutane suna matsa mini da wuri yadda ba su taɓa yi ba.

Na je barandar Mbah Jumilah. Matan suka ba ni 'yar tsugunne, gwiwoyina suka kai kunnuwana. Shirun da kika ce na yi shi, kusan minti biyar.

Wata ta ce, "Pak Guru, malamin makaranta guda, hurawa ake yi, ba tofi ba!"

"Ku ƙyale shi, lacca yake yi wa kakin."

"Wannan fure ne ko ƙaguwa?"

Na ce fure ne da ya ga duniya. Mbah Jumilah ta cire tabarta daga baki ta ce, "Ɗana, ka daina riƙe numfashi. Za ka mutu a barandata, kuma ba ni da shinkafar sadaka."

Duk da haka na koya, Bune. Akwai lokacin da kaki ke yin daidai, bai yi zafin da zai malale ba, bai yi sanyin da zai toshe ba, hannu ya tafi shi kaɗai. Ya same ni sau da dama, kuma ban san da wa zan yi hirarsa ba sai ke. Furannina a farkon yadi ƙanana ne kamar ƙwayar shinkafa, a tsakiya sun kai kwabo, wajen ƙarshe kuwa na gano cewa babu dokar da ta hana fure girma.

Jiya, a cikin azumi, na ɗiga na ƙarshe. Na miƙe ina jiran tafi. Sai Mbah ta ce, "Madalla. Sai juyawa."

"A juya me?"

Wai sai an juya yadin, an bi kowane fure ta baya an sake rufe shi da kaki, ɗaya bayan ɗaya. Baturen Holan ya ambaci haka a layi guda, a ƙasan shafi. Ni na tabbata mata ne suka ƙirƙiro wannan don hira ta yi tsawo. Wa ke duba cikin zane? Bayan Ƙaramar Salla zan kai marina.

Kin tambayi inda Palupi take kallo. Ban lura ba. Ina jin bango ne.

Kusnadi

*

Singafo, Maris 1994

Pakne,

Ina lafiya, ina fata kuna lafiya, barka da shan ruwa. Sauran gaisuwa sai wani lokaci.

KADA KA KAI MARINA. Rini ba ya karanta littafin Bature. Ta baya zai shiga ya cinye furannin, su fito kamar an wanke su da ruwan kwata. In ba ka yarda ba, gwada a ƙyalle.

Amma ba wannan ya sa nake sauri ba. Da na zo kan "sai juyawa," sai na ajiye wasiƙar na ɗauko alƙalami. Pakne, saura rabin aiki ke nan, kuma ba a taɓa shi ba. Bayan zanen nawa ne. Ka aiko mini.

Tumini, 'yar mai sayar da tempe na waken soya, za ta dawo bakin aikinta nan bayan Salla. Ka naɗe yadin a jikin gora, ka sa takarda a tsakani, kada ka ninke. Ka haɗo da canting mai ƙaramin baki da kaki. Na kasuwa.

Murtini

*

Solo, Maris 1994

Bune,

Barka da Salla, ki yafe mini abin da na yi miki na fili da na ɓoye, musamman wanda zan rubuta yanzu. Muna lafiya. Shuɗin hannuna ya ja da baya zuwa farce.

Na gwada a ƙyalle. Ƙyallen ya goyi bayanku. Ba zan ƙara magana a kai ba.

Amma maganar aikowa ba ta da kan gado. Kakin zai farfashe a hanya, in bai farfashe ba ya narke. Kina zaune a can saman bene inda ko turaren sauro aka kunna sai maƙwabta sun kira 'yan kwana-kwana. Ɗan Nyonya mai fuskar shanun nan zai sallame ki, a rasa zane a rasa aiki. Ga lokaci ya ƙure: Pak Wagiman marini ya ce tsomawa da shanyawa kaɗai sai sun ci makonni. In yadin bai dawo ba, Yu Karsih ta ci mu da yaƙi, don ta riga ta fara nata, a falonmu ma take zuwa yi, wai haskenmu ya fi kyau.

Sannan bari in faɗa miki gaskiya. Palupi ba ta damu da zanen nan ba. 'Yar zamani ce, maganarta takalmi da katin gayyata. Ko sau ɗaya ba ta tsaya a kaina ina zane ba, sai dai ta wuce ta ajiye mini shayi. Wannan faɗanki ne da yayarki, kada mu ɗora wa yarinya.

Waɗannan hujjoji ne da ko a gaban alƙali za su tsaya. Saboda haka na naɗe yadin a gora na ba Tumini, don ban taɓa cin ki a gardama ba, kuma ban ga alamar teku za ta canza wannan ba.

Kusnadi

*

Solo, Afrilu 1994

Bune,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Ke fa? Shiru tun tafiyar Tumini. Uwarta ta ce ta sauka lafiya, ta kuma miƙa saƙo.

Na zauna na yi nazarin shirun nan kamar yadda ake nazarin faɗuwar daula, na samo dalilai uku. Ko dai an sallame ki kina jin kunyar faɗa. Ko kin yi fushi da wasiƙata ta baya. Ko kuwa kin warware yadin, kin ga furannina, kin yanke shawarar zama a Singafo har abada. In na biyun ne, na janye rabin abin da na ce, ki zaɓi rabin da kike so.

Yu Karsih ta gama nata, har an rina. Ba zan yi miki ƙarya ba, ya yi kyau, furannin a jere kamar sojoji. Ta rataye shi a bayan kujerata, wai ya sha iska. Pak Wagiman ya ce in wata ya kama yadinmu bai zo ba, in nemi wani marinin ko wata 'yar.

Palupi kullum sai ta fita tarar mai kawo wasiƙu kafin ta tafi aiki. Ina jin katin gayyatar take jira daga wurin masu bugawa.

Ko layi ɗaya ne, ki rubuto.

Kusnadi

*

Singafo, ƙarshen Afrilu 1994

Pakne,

Ga wasiƙa, ga yadi, tare suka taho. Ina lafiya, ba a kore ni ba, ban yi fushi ba, ko da yake rabin da ka janye na karɓa. Hannuna ne ya kumbura. Lokacin da nake da shi kaɗan ne, in tsohuwa ta yi barcin rana, na ga gara in ba canting da in ba alƙalami.

Wuta kam babu hali, gaskiyarka. Sai na zuba kaki a gwangwanin madara, na sa gwangwanin a tukunyar shinkafa ta lantarki. Ka gaya wa Baturenka ya ƙara wannan a ƙasan shafi. Ranar farko wari ya cika gida, ɗan Nyonya ya shigo yana huci, ya ce ko in kwashe kayan nan ko in kwashe nawa. Sai tsohuwa ta buga sandarta a ƙasa. Wai warin zannuwan uwarta ne, waɗanda ake kawo mata daga Jawa tana yarinya. Ta ce da shi, "Gidanka ne? Fita ka sayo wata tukunyar shinkafa." Ya fita ya sayo.

Tun daga ranar ita ke riƙe mini gefen yadi, tana sharhi. Ta sa tabarau ta duba, ta ce, "Wa ya zana wannan?" Na ce mijina. Ta ce, "Kora aka biyo shi da ita?"

Da farko na yi niyyar gyara maka furanni. Ashe ba ya yiwuwa. Mai bin baya ba ta da zaɓi, duk inda na gaba ya karkace sai ta karkace, in ba haka ba rini ya sami ƙofa. Sai na bi ka fure-fure. Na ga inda ka fara kana tsoro. Na ga inda kyanwa ta lashe ka cike. Na ga ranar da wani ya ɓata maka rai a makaranta, don furannin wajen duk ƙahoni gare su. Akwai inda ka yi atishawa, kada ka musa. Akwai wani ɗigo kamar ƙwan kaza kusa da gefe, na daɗe ina kallonsa, sannan na ɗiga nawa a bayansa. Akwai kuma wani layi a tsakiya da suka fito ƙanana, daidai, kyawawa, har Nyonya ta ce wannan wani ya taya shi. Na ce a'a, shi ne.

Tun da na zo ƙasar nan ban zauna da kai na tsawon lokaci haka ba. Kuma ko sau ɗaya ba ka katse ni ba.

Ɗan Nyonya ne ya biya kuɗin jirgin saƙon, da umarnin sanda. Ka ruga marina.

Murtini

*

Solo, Mayu 1994

Bune,

Lafiya lau muke, yatsu goma cif. A gaishe da Nyonya, a ce mata ba a biyo ni da kora ba, amma na fahimci tambayar.

Yadin ya iso ana gobe wa'adin Pak Wagiman zai cika. Ya warware, ya duba gaba, ya duba baya, ya dube ni, ya ce, "Pak Guru, ni rini kawai nake yi, ba na ɗaukar alhakin kowa." Ya tsoma a baba, ya shanya, ya sake tsomawa, har na daina ƙirgawa, sannan ya bi da rinin ɓawon itace.

Yau da safe aka dafa shi don kaki ya fita. Ban gayyaci kowa ba. Yu Karsih ta zo da nata zanen a jaka. Palupi ma ta zo da rigar aikinta, wai kanta ke ciwo ta ɗauki hutu, ko da yake ban san likitan da ke tura mai ciwon kai marina ba.

Aka ɗago shi da sanda daga tafasasshen ruwa, aka ɗauraye, aka rataye. Bune, ya fito. Ƙasan duhu sosai, furannin farare tas, manya da ƙanana, masu ƙaho da marasa ƙaho, da ƙwan kazarmu a gefe.

Yu Karsih ta matso har hancinta na taɓa yadi. Ta duba wannan gefe, ta zaga ta duba wancan, ta sake zagowa.

"Wanne ne na Murtini?"

Na duba, wallahi ni ma na kasa ganewa.

Ta ce, "Hm. Duk biyunku ba ku iya ba." Ta shafa yadin. "Amma rini bai shiga ba. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, ƙanwar tawa." Ta ja zif ɗin jakarta ta rufe. Ta ce nata ita za ta ɗaura ranar biki, don jama'a su ga bambanci.

Na juya in gaya wa Palupi wata magana mai hikima da na shirya tun jiya. Sai na tarar ta riga ta janye zanen daga igiya, jiƙe sharkaf, ta rungume, ta cusa fuskarta a ciki tana kuka a gaban marina duka, irin kukan da rabona da ji tun ranar da muka raka ki tashar jirgi. Pak Wagiman yana cewa, "Haba 'yata, ki bari ya bushe mana," ita ko a jikinta. Haka ta taho da shi gida a ƙirji, farar rigar aikin ta tashi daga aiki. Yanzu yana rataye a ɗakinta, ta hana a shanya a tsakar gida, ta hana ni ma in taɓa, ni da na ba da yatsa.

Na rubuta miki cewa yarinyar ba ta damu ba. Na yi kuskure, Bune.

Mijinki,
Kusnadi